Biran Yankari da 'Yan'uwansu na Ƙetaren Teku

A Gandun Dajin Yankari, kimanin kilomita 110 kudu maso gabas da birnin Bauchi, akwai birai iri uku da baƙi su kan yi karo da su. Akwai gwaggon biri, wanda wasu ke kira bika, mai yawo garke-garke a masaukin baƙi na Wikki yana fizge abinci. Akwai jan biri, wanda ya fi kowane biri gudu a ƙasa, sa'an nan akwai kirka mai zaman bishiyoyin bakin Kogin Gaji. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne waɗannan birai suna da dangi a Amurka ta Kudu, waɗanda masana su ka ce asalinsu ma daga Afirka ya ke.

Mafi shahara a cikin dangin nan shi ne ɗan ƙaramin birin da Turawa su ka raɗa wa suna kafucin, domin gashin kansa ya yi kama da hular wasu limaman Kirista masu wannan suna. Ana samunsa tun daga Honduras har zuwa arewacin Ajantina. Haƙoransa 36, na biran Afirka kuwa 32. Hancinsa shimfiɗaɗɗe ne, kuma yana iya naɗe reshe da wutsiyarsa, abin da gwaggon biri bai iya ba.

To, yaya biri ya ƙetare Tekun Atlantika? Bisa ga binciken masana, abin ya faru fiye da shekara miliyan 30 da su ka wuce, lokacin da tekun bai kai faɗinsa na yanzu ba. Ambaliya ta kan ɓalle gaɓar kogi da bishiyoyinta, ta kora ta cikin teku, sai igiyar ruwa ta ja ta yamma tare da ƙananan dabbobin da ke maƙale a kai. Shaidar kuwa a ƙasar Peru a ka tono ta. A 2015, da kuma 2020, masana sun bayyana wasu tsofaffin haƙoran birai da a ka samu a Santa Rosa, waɗanda su ka yi kama ƙwarai da na biran dā da a ka haƙo a arewacin Afirka, musamman a Fayum ta Masar.

Daga cikin waɗanda su ka tsallaka ne kafucin ya samo tushe. Kimanin shekara miliyan 6 da su ka wuce sai zuriyarsa ta rabu gida biyu: sirara a dajin Amazon, da ƙaƙƙarfa masu tukku a dajin gaɓar tekun Brazil. Daga baya ƙaƙƙarfan su ka bazu su ka cim ma 'yan'uwansu a Amazon. Wasunsu sun gangara busassun wurare masu kama da dajin Bauchi, inda su ka koyi fasa ƙwallayen 'ya'yan itace da dutse. A Serra da Capivara an tono duwatsun da su ka yi aiki da su shekara 3,000 da su ka wuce. Lalle biri ya yi kama da mutum.

Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne biri daji ya ke bi. Inda daji ya yanke, nan tafiyarsa ta tsaya. An keɓe Yankari a 1956, a ka buɗe shi ga jama'a a 1962. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, amma gonaki da garken shanu da masu saran itace da mafarauta sun kewaye shi ta kowane ɓangare. Manomin da birai su ka ɓarnata wa masara ba zai ga laifin wanda ya harbe su ba, muddin bai ga amfanin da gandun ya ke yi masa ba. Saboda haka wajibi ne hukuma ta biya masu gadin daji haƙƙinsu a kan kari, ta kuma sa ƙauyukan da ke kewaye su ci moriyar kuɗin da baƙi ke kawowa.