Yadda aikin sa-kai ke koya wa ɗalibai dabarun sasantawa

Duk ɗan kasuwa ya san cewa ciniki ba ya ƙarewa a tayin farko. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta jan zance har a kai ga sallamawa. Ma'aikacin gwamnati ma ya san haka, domin ba kowace takarda ce ke wucewa ba tare da an zauna an fahimci juna ba. Wannan fasaha ta daidaita buƙatun mutum biyu ita ce ɗalibai ke koyo idan suka shiga aikin sa-kai a ƙungiyoyin taimakon al'umma.

Hanyoyin shiga aikin suna da yawa. Shirin yi wa ƙasa hidima na NYSC, wanda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, ya ware wa masu hidima lokacin aikin raya al'umma a kowane mako. Ɗaliban shari'a a jami'o'i irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na ba marasa ƙarfi shawara kyauta. Wasu kuma kan shiga ƙungiyar agaji ta Jama'atu Nasril Islam ko ta Red Cross ko FOMWAN.

A gabashin Jihar Sakkwato, abin da za a zauna a kansa ba ya yankewa. Madatsar ruwa ta Goronyo da ke kan kogin Rima tana shayar da gonakin rani, Wurno kuma ta shahara da noman shinkafa da albasa da tafarnuwa. Inda ruwa da fadama suke, dole a samu saɓani kan wanda zai fara ban ruwa, da inda burtalin dabbobi ya bi, da lokacin da za a saki gonaki bayan girbi.

A ɗauka wata ƙungiya ta tura ɗalibi Maikujera, a Ƙaramar Hukumar Rabah, domin kafa kwamitin kula da rijiyar burtsatse. Darasinsa na farko shi ne ya fara da gaisuwa wurin mai gari da limami, domin baƙon da ya tsallake su ba ya samun mai sauraro. Na biyu shi ne ya bambanta abin da mutum ke faɗa da abin da ke damunsa. Magidancin da ya ce ba zai biya kuɗin gyara ba, wataƙila fargabarsa ita ce kuɗin su salwanta. Idan aka amince a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a kowane wata, yana iya sauya ra'ayi. Wannan shi ne ginshiƙin hanyar sasantawa da Roger Fisher da William Ury na Jami'ar Harvard ta Amurka suka bayyana a 1981. Na uku shi ne a rubuta abin da aka amince da shi a gaban shaidu.

Arewa ta ga amfanin wannan hanya a aikace. A 2003 wasu jihohi sun dakatar da rigakafin shan inna saboda zargi. Zama da sarakuna da malamai, da bin gida-gida da 'yan sa-kai suka yi, sun taimaka wajen dawo da amincewar iyaye, har aka tabbatar a watan Agustan 2020 cewa an kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Najeriya.

Sai dai aikin yana da iyaka. Yankin na fama da hare-haren 'yan bindiga, kamar wanda aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021. Sulhu da masu ɗauke da makamai ba aikin ɗalibi ba ne, kuma rikicin gona da ya kai ga zubar da jini na hukuma ne da kotu. Wajibi ne ƙungiya ta haɗa ɗalibi da gogaggen ma'aikaci, ta kuma sanar da hukumomin yankin kafin ta tura shi.

Ga mai neman yaron shago ko sabon ma'aikaci, yana da kyau ya tambayi matashi irin saɓanin da ya taɓa shiga tsakani, da yadda aka ƙare. Amsarsa za ta nuna ko ya iya sauraro da riƙon amana, abin da takardar shaida kaɗai ba ta nunawa.