Da Wane Sauri Sararin Samaniya Yake Faɗaɗa? Amsoshi Biyu da Suka Ƙi Haɗuwa

A ilimin taurari akwai wata lamba da masana suka shafe kusan shekara ɗari suna aunawa, kuma har yau ba a daidaita a kanta ba. Ana kiran ta lambar Hubble, ita ce ke faɗa mana saurin da sararin samaniya yake buɗewa. Wasu sun auna sun samu 73, wasu kuma 67. Za ka ce ai bambancin kaɗan ne, amma shi ne ya hana masana fiziks barci.

Bari mu fara da ma'anar faɗaɗar. Ka ɗauki kwaɓin burodi da aka barbaɗa wa zabibi. Idan yisti ya tashe shi, kowane zabibi zai ga sauran suna nisanta da shi, kuma na nesa sun fi saurin guduwa. Haka gungun taurari suke. Georges Lemaître ya fitar da wannan a lissafi a 1927, sannan Edwin Hubble ya nuna shi da awo a 1929, da na'urar hangen nesa ta dutsen Wilson a Amurka.

Ana faɗin lambar ne da kilomita a daƙiƙa ga kowane megafasek, wato tazarar da haske ke shafe shekara miliyan 3.26 kafin ya ƙure ta. Idan lambar 70 ce, gungun da ke nisan megafasek 100 yana nisantar mu da kilomita 7,000 a kowace daƙiƙa ke nan.

To, yaya ake aunawa? Abu biyu ake bukata: sauri da nisa. Sauri bai da wuya, domin hasken abin da ke nisantar mu yakan miƙe ya karkata zuwa ja, kamar yadda jiniyar motar asibiti ke sauya amo idan ta wuce ka. Nisa ne jan aiki. Idan ka hango fitila da dare, ba za ka san ko babba ce a nesa ko ƙarama ce a kusa ba, sai ka san ainihin ƙarfinta. A 1912 Henrietta Leavitt ta gano cewa taurarin da ake kira Sefid suna ƙara haske suna ragewa a kan ƙa'ida, kuma wanda ya fi daɗewa kafin ya kammala zagaye shi ya fi haske. Da su ake auna gungun da ke kusa, sannan a hau kan wannan awo a auna na nesa da fashewar taurari, wato supanoba. Shi ya sa ake kiran hanyar tsani.

Hubble da kansa ya samu kusan 500, abin da ke nufin sararin samaniya bai wuce shekara biliyan 2 ba, alhali duniyarmu ma ta girmi haka. Matsalar daga awon nisa ta fito. Daga baya aka daɗe ana ja-in-ja tsakanin masu cewa 50 da masu cewa 100, sai a 2001 tawagar Wendy Freedman ta samu 72 da na'urar Hubble da ke sama. A 2022 tawagar Adam Riess, wanda ya ci kyautar Nobel a 2011, ta samu 73, da yiwuwar kuskuren da bai wuce 1 ba sosai.

Hanya ta biyu daban ce. Tauraron ɗan'adam na Planck, mallakar hukumar sararin samaniya ta Turai, ya auna tsohon hasken da ya fito tun sararin samaniya yana da shekara 380,000. Da aka ɗora wannan awo a kan ka'idar da ake amfani da ita yau, sai aka samu 67.4 a 2018. Kowane ɓangare ya tace awonsa har ta kai wuya a ce tsautsayi ne ya raba su. Na'urar James Webb da aka harba a Disamban 2021 ta sake duba taurarin Sefid, ta kuma samu abin da ya dace da awon baya.

Saura bayani biyu ke nan: ko akwai kuskuren da ya ɓuya a cikin awon, ko kuma ka'idarmu ce ke da giɓi, wataƙila game da baƙin makamashi da ke ƙara wa faɗaɗar sauri. Idan na biyun ne, littattafan fiziks za su bukaci gyara.

Wannan ne ya sa batun ya dace da laccocin da sassan fiziks na jami'o'i ke shirya wa ɗalibai, irin laccar safiyar Asabar ta Jami'ar Michigan da kowa ke iya halarta. Ɗalibi yana ganin kimiyya tana kan aiki, ba a gama ta ba. Kai ma gwada: megafasek ɗaya kilomita 3.09 × 10¹⁹ ne. Raba shi da 70, ka mayar da daƙiƙoƙin zuwa shekaru. Za ka samu kusan biliyan 14, dab da biliyan 13.8 da aka ƙiyasta a matsayin shekarun sararin samaniya.