Ƙyallen Ledar Da Ya Tsayar Da Tirela A Illela

Duk wanda ya taɓa yin yammacin Lahadi a Illela ya san yadda gari yake cika da rugugin manyan motoci idan kasuwa ta fara watsewa. Daga karar shanu ana loda dabbobin da aka kawo daga Nijar, a wani gefen kuma ana ɗaure buhunan albasa da na hatsi, kowane direba yana son ya wuce Gwadabawa da Kware ya isa Sakkwato kafin dare ya yi nisa, domin gabansa akwai tafiyar sama da kilomita 1,000 zuwa kudu. A irin wannan yammaci aka turo yaron mota ya same ni a gareji yana haki, ya ce in zo, motarsu ta ƙi tafiya.

Ni bakanike ne. Na koyi aiki a gindin bishiya kamar kowa, daga baya na yi shekaru a garejin wani dillalin manyan motoci a Kano, inda aka koya mana aiki da na'urar da ake jona wa mota ta faɗi abin da ke damunta. Da na dawo gida, na dawo da wannan na'ura a jakata, kuma ba zan ɓoye ba, na dawo da girman kai tare da ita. Abin da ya faru a wannan dare shi ya sauke mini shi, shi ne kuma dalilin wannan rubutu.

Motar tirela ce ƙirar zamani, shaƙe da albasa. Idan aka tayar da ita sai ta tashi lafiya, ta yi 'yan kilomitoci, da zarar direba ya taka totur sai ƙarfinta ya zube, wani lokaci ta mutu gaba ɗaya. Kafin a kira ni, an riga an sauya mata nozul biyu da wani ɗan ma'auni da ke kan bututun mai, duk da kuɗi masu yawa, ciwo kuma yana nan. Mai kayan, wani dattijo da ya zuba jarinsa kakaf a wannan lodi, yana tsaye yana jan carbi. Albasar da aka cusa a buhu aka lulluɓe da tamfol ba ta jure tsayuwa a zafin bazarar Sakkwato, inda ma'aunin zafi kan haura 40. Kowace sa'a da motar ta yi a tsaye, kuɗinsa ne ke ruɓewa.

Domin mai karatu ya fahimci abin da na tarar, sai na ɗan yi bayanin yadda injin gas yake aiki. Injin da Bajamushen nan Rudolf Diesel ya tabbatar da aikinsa a 1897 ba shi da fulogi irin na motar fetur. Fistan ne ke matse iska a cikin silinda har ta yi zafin da ya haura 500 a ma'auni, sannan nozul ya fesa gas a cikinta, sai ya kama da wuta da kansa. Saboda haka abubuwa uku ne rayuwar wannan inji: iska mai tsabta, matsi mai ƙarfi, da man da aka fesa daidai gwargwado a daidai lokaci. Kusan duk ciwon da ke rage masa ƙarfi yana komawa ga ɗayan ukun nan.

Tsofaffin motocin da iyayenmu suka saba da su, irin Marsandi 911 da ta yi tashe a hanyoyin Arewa, famfon ƙarfe ne zalla ke raba musu mai. Bakanike yana iya kwance shi, ya wanke, ya mayar. A zamanin da ake haɗa manyan motoci a ƙasar nan, a kamfanin ANAMMCO na Inugu da Steyr na Bauchi da kamfanin haɗa manyan motoci na Kano, irin wannan inji aka sani, a kansa kuma manyan kanikawanmu suka ƙware. Amma daga tsakiyar shekarun 1990 aka fara fito da wani tsari dabam. A cikinsa famfo yana tara mai a bututu guda ɗaya da ke ciyar da dukan nozul, da matsin da ya ninka iskar tayar ƙaramar mota sau 700 ko fiye, kwamfutar mota kuma ita ke ba da umarnin buɗe kowane nozul da rufe shi. Ƙofofin da man ke bi sun yi ƙanƙantar da ƙwayar ƙurar da ido ba ya gani tana iya cinye su. Wasu daga cikin motocin DAF da MAN da Iveco na baya-bayan nan da ake shigo da su na hannu daga Turai irin wannan inji ne da su.

Na jona na'urata, ta nuna cewa matsin mai a bututu ya gaza abin da kwamfuta ke nema. Na kwance filtar mai na tarar ta yi baƙi, na tsiyaye ruwan da ya taru a gindinta a kwalba, na sa sabuwa, na share laifin daga ƙwaƙwalwar mota. Na ce wa mai kaya, "Alhaji, an gama, Allah Ya kiyaye hanya." Ba a yi rabin sa'a ba direba ya bugo waya: mota ta sake tsayawa tun ba su kai Gwadabawa ba.

A kan babur na bi su, na ɗauko tsohon maigidana, wanda a hannunsa na fara riƙe sifana. Bai taɓa zama a aji ba, ba ya kuma iya karanta abin da na'urata ke rubutawa. Da muka isa, bai ko dubi inji ba. Sai ya zaunar da direba ya tambaye shi: "Idan ta mutu, ka bar ta ta huta, takan tashi?" Direba ya ce ƙwarai, kamar ba abin da ya same ta. "A ina ka sha mai na ƙarshe?" Direba ya yi shiru, can ya ce a jarka ya saya a bakin hanya, don ya fi araha. Tsoho ya juyo gare ni ya ce, "Ɗana, haska mini cikin tanki."

Muka tsiyaye tankin, muka zaro bututun da ke zuƙo mai. Can a ƙasa muka tarar da wani ƙyallen leda, irin wadda masu sayar da mai suke naɗawa a bakin jarka kafin su ɗaura murfi. Idan inji yana jan mai da ƙarfi, sai ledar ta taso ta manne a bakin bututu ta toshe shi. Idan mota ta mutu, jan ya saki, sai ta faɗa ta koma yawo a cikin tanki. Na'urata ba ta yi ƙarya ba, matsin mai ya gaza da gaske. Abin da ba ta faɗa ba shi ne dalili. Kafin asuba motar ta kama hanya, mai kaya ya tsira da mafi yawan albasarsa, amma kuɗin nozul biyu masu lafiya da aka cire aka jefar, babu mai biyan sa.

Darasin da na ɗauka shi ne, gano ciwo shi ne ainihin aikin bakanike, sauya kaya kuwa ko yaron gareji ya iya. Abin takaici, yawancin gyaran da ake yi a garuruwanmu cinta ne: a sauya wannan a gani, idan bai yi ba a sauya wancan, mai mota yana biya. A garejin dillali an koya mana tsari, wanda ba ya bukatar wani gini mai sanyi kafin a bi shi. Da farko a saurari direba: yaushe abin ya fara, da lodi ko babu lodi, da sanyin safiya ko da inji ya yi zafi. Sannan a dubi hayaƙi. Baƙi yana nuna mai ya fi iska yawa, wataƙila filtar iska ta toshe ko turbo ya gaza. Shuɗi yana nuna inji na ƙona baƙin mai. Fari kuwa ko dai gas ne da bai ƙone ba, ko ruwan lagireto ya sami hanyar shiga silinda. Bayan haka a karanta na'ura, a auna abin da ta nuna da hannu, a fara da mai sauƙi da araha kafin a taɓa mai tsada. Ni da aka koya wa tsarin, na tsallake matakin farko saboda ina taƙama da na uku.

Akwai dalilan da suka sa Illela ta fi wasu wurare bukatar wannan tsari. Na farko shi ne mai. Motocin Turai an ƙera su ne domin gas ɗin da sinadarin farar wuta a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoton da ya nuna cewa gas ɗin da ake sayarwa a wasu ƙasashen Afirka ya ninka wannan iyaka sau ɗaruruwa. A 2020 ƙungiyar ECOWAS ta amince da iyakar kashi 50 cikin miliyan, amma doka ba ta bin mai zuwa cikin jarka. Tun da farashin gas ya yi tashin gwauron zabo a 2022, direbobi da yawa suka koma wa 'yan bumburutu, inda ba wanda ya san me aka gauraya, kananzir ne ko ruwa. Kananzir ba shi da santsin da famfon zamani ke bukata, ruwa kuma tsatsa yake haifarwa. Araha dai ba ta ado.

Na biyu shi ne ƙura. Da hunturu filtar iska kan cika cikin ɗan lokaci, sai yaron mota ya ciro ta ya buga a jikin taya, takardar cikinta ta tsage ba tare da an lura ba. Daga nan yashi ya sami hanya, ya bi ya goge ringi da silinda a hankali, har ranar da za a ce inji ya buga.

Na uku shi ne tsayuwa. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai a Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, aka sake rufewa har zuwa Maris 2024. Motoci sun yi layi tsakaninmu da Birnin Ƙonni, wasu da kaya a kansu. Motar gas ba ta son dogon zama: batir ya mutu, raɓa ta taru a cikin tankin da ba a cika ba, wani dauɗa mai yauƙi ya tsiro a tsakanin ruwa da mai. Da aka buɗe hanya, na wanke tankuna fiye da yadda na taɓa yi a rayuwata.

Babbar matsalarmu ita ce ilimin gyaran ya rabu gida biyu. Tsofaffin kanikawa suna da kunne da ido da sanin halin direbobi, amma ba su karanta na'ura ko zanen wayoyin mota. Matasan da suka yi boko suna iya karantawa, amma da yawansu suna ganin baƙin mai a riga abin kunya ne. Sakamakon haka, motar da ta lalace a Illela sai a jira mai kwamfuta daga Sakkwato ko Kano, ko kuma a yanke wayoyin da ba a gane ba, a toshe fitilar gargaɗi da baƙin salatif, a ci gaba da tafiya har abin ya zama babba. Ga shi kuma a 2024 an ƙaddamar da aikin babbar hanyar da za ta tashi daga Illela zuwa Badagiri, mai tsawon sama da kilomita 1,000. Idan Allah Ya sa ta kammala, motocin da za su bi ta ba irin na da ba ne, idan kiɗa ya sauya kuwa dole rawa ta sauya.

Ina kira ga ƙungiyar kanikawa ta NATA da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da ke Sakkwato su haɗa hannu a kan gajeren horo cikin harshen Hausa, wanda ɗalibai za su zo gareji su koyi hannu, kanikawa kuma su je aji su koyi na'ura. Masu motoci su sani cewa filta ta gaskiya da mai daga gidan mai sananne sun fi nozul araha nesa ba kusa ba, kuma su riƙa biyan bakanike ladan bincike ko da bai sauya ko kusa ɗaya ba, domin muddin sai an sayi kaya yake samun na abinci, to zai ci gaba da sa a saya. Ɗalibi mai riƙe da takardar shaida yana jiran aikin ofis kuwa, ya zo ya ga layin motocin da ke jiran wanda ya iya karatu kuma ba ya ƙyamar datti.

Ƙyallen ledar nan yana cikin akwatin kayan aikina har yau, kusa da na'urar. Duk yaron da aka kawo mini koyon aiki, shi nake fara nuna masa, in ba shi labarin, sannan in ce ya je ya gaida direba ya tambaye shi a ina ya sha mai.