Hannun Wa Ke Shiga Rumbu?

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Bichi ko Dambatta ko Minjibir ya san rumbu na maigida ne. Shi zai buɗe, ya ciro dami, ya miƙa wa mai girki, ita ta sussuke, ta surfa, ta kai niƙa. Mace sai ta shekara talatin a gida ba ta taɓa leƙa cikinsa ba. Da wannan rumbu za mu auna zaman wasu mata iri biyu da suka yi maƙwabtaka a Kanada shekara ɗari huɗu baya, mu kuma auna na iyayenmu mata.

Bafaranshen nan Samuel de Champlain, wanda ya kafa garin Kebek a 1608, ya isa ƙasar mutanen Huron, 'yan asalin yankin, a 1615, ya tarar da manoma sama da dubu ashirin. Aikin namiji shi ne sharar daji. Da ya gama, gona ta koma hannun mace, shi ya nufi su da farauta da fatauci. Masara da wake da kabewa take shukawa wuri guda, yadda muke cakuɗa gero da dawa da wake. Wake ya hau kara, kabewa ta shimfiɗa ganye ta danne ciyawa. Ba su da jaki, ba su da takin dabba, don haka in ƙasa ta gaji bayan shekara goma sha wani abu, sai gari ya tashi gaba ɗaya. Mu nan mangalar taki ce ta sa jika yake noma gonar da kakansa ya noma.

Rumbun macen Huron a cikin ɗaki yake, manyan mazubai na ɓawon itace, a wani dogon ɗaki mai murhu a jere, kowane murhu na iyali biyu. Wa ke cikin ɗakin? Galibi tsohuwa ce da 'ya'yanta mata da jikokinta, miji ne ke tarewa. Yaro dangin uwarsa yake bi, sarauta ma ɗan 'yar'uwa kan gada. In zama ya ƙi daɗi, namiji ne zai tattara kwari da bakansa ya koma wajen danginsa, hatsi da yara suna nan inda suke. Kada dai a ɗauka hutu take. Ita ce noma, ita ce itace, ita ce ginin tukunya da daka, kuma a taron gari maza ne ke magana. Amma wanda zai ci daga hannunka kullum ba ya yi maka tsawa yadda ya ga dama.

Maƙwabciyarta Bafaranshiya ma ba 'yar hutu ba ce. Tsakanin 1663 da 1673 sarki Louis na 14 ya biya wa 'yan mata kusan 800 kuɗin jirgin ruwa, aka kawo su aure. Suka yi noman alkama, suka haifi 'ya'ya rututu cikin sanyin da ke daskarar da kogi. Dokar Paris, wadda aka kafa a Kanada a 1664, ta ce dukiyar gida ta miji da mata ce. Wato rumbu na su biyu ne a takarda, murfin kuwa a hannunsa yake. Ba ta sayarwa, ba ta ƙulla ciniki sai da izininsa, kuma babu saki ko ana dukan rai. Sai ya mutu take karɓar rabi ta juya da kanta. Shi ya sa mata masu faɗa a ji a cikinsu yawanci waɗanda mazansu suka rasu ne, irin Marie de l'Incarnation, wadda ta zo Kebek a 1639 ta buɗe makarantar 'yan mata. Limaman Kirista na Jesuit da suka shiga ƙasar Huron sun sha rubuta cewa hana saki yana cikin manyan abubuwan da suka sa mutane ƙin karɓar addininsu. Ina abin mamaki? Wadda rumbu ke hannunta, yaya za ka ce mata ta zauna dole?

A ƙasar Kano ma muna da mata iri biyu ƙauye da ƙauye. Bamagujiya tana taya mijinta aikin gandu, tana da gayaunarta, abin da ta girbe a ciki nata ne. Matar kulle kuwa ba ta riƙe fartanya. Wannan kulle na karkara bai daɗe da yaɗuwa haka ba. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 bauta ta fara gushewa, kuma Baba ta Karo, a labarin rayuwarta da Mary Smith ta buga a 1954, ta nuna yadda a da noman mata ya fi zama aikin bayi. Da 'yanci ya samu, zama a gida ya zama alamar ɗiyauci.

Baƙo zai ga Bamagujiya a fili ya ce ita ce Huron, ya ga ta kulle ya ce ita ce Bafaranshiya. A nan nake ganin an yi gaggawar hukunci. Ta kulle ba ta shiga rumbun miji, gaskiya ne, amma tana da nata, sai dai ba na laka ba ne. Sadakinta nata ne, gadon ubanta nata ne, jarinta ba ya haɗuwa da na miji, in ya ci bashinta sai ya biya. In zama ya gagara, ƙofar alƙali a buɗe take. Shiga gida da hantsi ka gani: gyaɗa a kasko, ƙulli a turmi, tana matse mai da hannu yana tsiyaya cikin kwano, ƙuliƙuli na soyuwa, yarinya na jira da faranti. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta yi kasuwa, wannan sana'a take riƙe da gidaje. Mai bincike Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa da kuma Dorayi, ta tarar da kasuwa sukutum a ɓoye cikin gidaje, mata na saye da sayarwa ta hannun yara. Awakin da ke ɗaure a turke, ka tambaya, yawancinsu na mata ne. Ga adashi, ga kwanukan jere da za a iya sayarwa ranar tsanani.

Matan Huron ba muhawara ce ta karya su ba. Cututtukan da suka zo da baƙi, har da agana, sun cinye kusan rabin jama'a tsakanin 1634 da 1640, sannan mayaƙan ƙabilar Irokwa suka watsa garuruwansu a 1649. Wasu daga cikin waɗanda suka rage suka raɓu kusa da Kebek, ba gonakin da. Daga baya dokar Kanada ta 1876 ta ɗora asali a kan uba, macen da ta auri bare ta rasa matsayinta na 'yar ƙabila, ba a gyara ba sai 1985.

Namu rumbun matan a hankali yake yoyo, kuma abin yana damuna. Zaren masaƙa ya kashe kaɗi, injin niƙa ya ɗauke dakau, man jarka daga kamfani yana ƙwace kasuwar mai ƙuli. Yarinyar da ke ɗaukar talla makaranta ya kamata ta tafi, wannan ba ja, amma duk mai shirin sa ta a aji ya zo da amsar yadda ƙuliƙulin uwarta zai kai bakin kasuwa.