Ana Iya Gane Dokin Da Ɗanyar Ciyawa Za Ta Gurgunta

A Ingila masu gajerun dawaki, irin waɗanda mu ke kira ƙuru, su kan shiga zullumi duk watan Mayu, lokacin da sabuwar ciyawa ta fito. Doki ya yi kiwo lafiya lau, bayan kwana kaɗan a tarar ya miƙe ƙafafun gaba, ya jingina kan dunduniya, kofato ya yi zafi, ya ƙi takawa. Naman da ke riƙe ƙashin ƙafa cikin kofato ne ya saki. In abin ya tsananta ƙashin ya kan juya, wani dokin ba ya sake moruwa.

Abin mamaki, dawaki goma su ci ciyawa ɗaya, guda kaɗai ya kamu. Ashe asirin yana cikin jini. Sabuwar ciyawa tana da sukari da yawa. In doki ya ci, jikinsa ya kan fitar da wani abu da likitoci ke kira insulin, don ya sarrafa sukarin. Wani doki kuwa nasa ya kan wuce kima. A 2007 masana a Ostareliya suka yi ta ɗura insulin cikin jinin lafiyayyun ƙananan dawaki 5, kafin kwana 3 duk ciwon ya kama su.

Daga nan likitocin Kwalejin Dabbobi ta Landan suka ɗebi jinin dawaki 446 waɗanda ba su taɓa ciwon ba, suka zuba musu ido shekara 3. Bayanin ya fito a 2017: guda 44 sun kamu, kuma masu yawan insulin tun farko su suka fi faɗawa. Watau awon jini yana nuna hatsarin tun doki yana takawa garau.

Wanda ba shi da halin awo, ido ma yana taimako. A duba kitse mai tauri ƙarƙashin geza da gindin wutsiya, da zobba a jikin kofato masu buɗewa wajen dunduniya. Irin wannan doki a rage masa ɗanyar ciyawa, a ba shi busasshiya, a riƙa motsa shi kullum.

Masu dawaki a nan ma su lura, gama dokin da ya kwance ya cika ciki da dawa ya kan gamu da wannan ciwo. In kofato ya ɗau zafi, a janye hatsi, a tsai da shi kan rairayi, a kira likitan dabbobi ran nan.