Yoyon Ruwan Lagireto: Ganowa da Gyara a Gida

Ruwan lagireto shi ne ke ɗebe zafin injin mota. In ya tsiyaye, injin ya yi zafi fiye da kima, kan silinda yakan lanƙwashe, gyaran 'yan kuɗi kaɗan ya zama babbar hasara. Saboda haka ana jawo hankalin masu motoci ga alamun yoyo: allurar zafi tana hawa, ruwa yana raguwa kullum, ko kuwa a wayi gari ƙarƙashin mota a jiƙe.

Kada a kuskura a buɗe murfin lagireto injin yana da zafi, gama ruwan a matse yake, zai yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu. Sai ya huce sarai. Sa'an nan a shimfiɗa kwali ƙarƙashin injin ya kwana, inda ruwa ya ɗiga nan za a bi. A duba tiyon sama da na ƙasa, da bakin kilif, da robar murfin, da gindin famfon ruwa.

Kilif da ya saki, a ɗaure shi da sukundireba. Tiyo da ya tsage ko ya kumbura, a tsiyaye ruwan, a sa sabo, a cika, a ta da injin a sake dubawa. Ruwan sanyaya injin guba ne, a kawar da shi daga yara da dabbobi.

Amma in farin hayaƙi yana fita ta salansa ba ƙaƙƙautawa, ko baƙin mai ya koma kamar madara, mai yiwuwa gaskit ya ƙone. Wannan aikin makaniki ne, kada a ci gaba da tuƙi. Rigakafi ya fi magani.