Fim ɗin "Orgueil et Préjugés": a kunna shi gaban yara?

Fim ɗin soyayya yakan sa magidanci ya riƙe telekomand a hannu saboda tsoron abin kunya. Wannan kuwa an yi shi a Ingila a 2005, daga littafin da Jane Austen ta fitar a 1813, kuma Keira Knightley ce ta fito a matsayin Elizabeth.

Labarin wani dattijo ne, Bennet, mai ɗiya mata 5, babu namiji. In ya rasu, gida da gonaki za su koma hannun wani danginsa, Collins. Shi ya sa uwar ta tashi haiƙan neman musu mazaje.

Babu tsiraici a ciki, babu zubar da jini. Hukumar tace finafinai ta Ingila ta sa shi rukunin da kowa ke iya kallo. Amma akwai rawar maza da mata, kuma kwafin Amurka ya ƙare da sumba.

Inda muke jan hankalin iyaye shi ne maganar autarsu Lydia, ƴar shekara 15, wadda ta gudu da wani soja babu ɗaurin aure. Fim ɗin bai yaba mata ba, ya nuna yadda abin ya kusa zubar da mutuncin gidan duka. Haka nan Elizabeth ta ƙi auren Collins, mahaifinta ya goyi bayanta.

A ganinmu ana iya kallonsa da ƴan mata da samari, muddin uwa ko uba na zaune, don waɗannan wurare biyu suna buƙatar bayanin babba. Ƙananan yara kam, barci zai kwashe su tun ba a yi nisa ba.